Kwaba Mai Inci Talatin Da Huɗu

Sunana Adawiyya, kuma abin da zan ba ku yau ko ƙawata ta kusa ba ta ji shi daga bakina ba. Saura sati bakwai a ɗaura mini aure, amma maganar da ta cika gidanmu na Gwadangaji ba ta lefe ba ce, ba ta anko ba ce, ta katako ce. Kwaba, wadda 'yan zamani ke kira saidbod, ake kafa ta a falo a jera kuloli da faranti a ciki. Da wani ya ce mini a kan wannan abin aurena zai tsaya cak, da dariya zan yi masa.

Wanda zan aura sunansa Sirajo, ɗan Argungu ne, malamin gona da ke aiki da manoman shinkafa a fadama. Shekararmu biyu tare. Ba mai yawan magana ba ne, kuma bai taɓa ce mini sa wannan ko cire wancan ba. Ko launin mayafina bai taɓa yin magana a kai ba, har nakan yi masa tsiya in ce anya yana kallona kuwa. Ku riƙe wannan, don ku gane dalilin da ya sa abin da ya biyo baya ya ɗaure mini kai.

A danginmu jeren kowace ɗiya a hannun Goggo Hajaratu yake, yayar Baba. Ita ta yi wa yayyena biyu, kuma har yau in an zauna sai an tuna kyan ɗakunansu. Nawa kuwa ta ce shi ne na ƙarshe, don haka sai ya fi duka. Ta je wani biki a Gesse ta ga kwabar da ta kwanta mata a rai, ta ɗauko hotonta a waya: tsawonta ƙafa bakwai, ƙofofin gilashi, madubi a baya, da ƙananan fitilu a ciki. Ba a jikin bango aka sa ta ba, a tsakiyar falo take tsaye, ta raba wurin zama da wurin cin abinci. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma ta tafi da ni. Na riga na gama jera kofunan shayina a cikinta a raina.

Sai na tura wa Sirajo hoton, ina jiran ya ce ma sha Allah kamar yadda ya saba. Ya buɗe saƙon bayan azahar, na ga alamar ya gani, amma bai ce komai ba sai washegari da hantsi.

"Ta yi kyau," ya rubuto. "Amma ina neman alfarma. A yi ta gajera, tsawonta daga ƙasa inci talatin da huɗu. Kada a sa mata gilashi. A goge kusurwoyinta kada su yi kaifi. A jingina ta da bangon dama, ta fara daga bakin ƙofar falo ta kai ƙofar ɗaki."

Na karanta sau uku. Na mayar masa da cewa yaushe ya koma kafinta ban sani ba, na haɗa da fuskar dariya. Amsarsa kalma uku ce: "Ki taimaka dai."

Kuskurena shi ne na karanta wa Mama saƙon a tsakar gida, ban lura Goggo tana bayan labule tana ninke zannuwan gado ba. Ta fito da zanen a hannunta.

"Tun yaushe anka fara haka, ango shi zaɓa ma amarya kayan ɗaki?" ta ce. "Wanga da ya kwatanta ai benci na, ba kwaba ba."

Daga nan ta ɗora. Ta ce gida nasa ne, amma abin da ke cikin ɗaki na mace ne da danginta, haka ta taso ta gani. Ta ce in matan Argungu suka shigo ganin jere suka tarar da guntun katako a jikin bango, cewa za su yi gazawa muka yi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne da ta ce namijin da ya fara da awon kwaba tun kafin a ɗaura, gaba gishirin miya zai riƙa auna mini. Da muka shiga kicin Mama ta ce mini a hankali in buɗe idona, wani ikon ba ya fitowa sai an sa rana.

Kwana uku ina amsa wayarsa sama-sama. Na tambaye shi dalili sau biyu, yana cewa zai faɗa mini amma ba a waya ba. Ni kuma raina yana ƙara ɓaci, don gani nake ya ja mini magana a gida a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Ranar Asabar Goggo ta shirya zuwa Argungu auna gidan, tare da Ɗankure, kafintan da ke yi wa danginmu aiki tun ina firamare. Amarya ba ta bin masu awo, amma na nace, Mama ta sa baki, Goggo ta yarda tana mita. Na sa atamfata ruwan ƙasa da babban mayafi baƙi, ko hoda ban shafa ba, don ya san fushi nake. Damina ta kusa fita, ruwa ya kwanta a fadama hagu da dama, shinkafa ta yi kore shar. Ni dai na jingina kaina da gilashin mota ina shirya maganganun da zan faɗa masa.

Gidan a gefen gari yake, ɗaki biyu da falo, fenti sabo mai ruwan madara, har yanzu yana ƙamshi. Sirajo ya bar mana makulli a wurin maƙwabta don yana fadama. Babu wuta, tagogin kuma a rufe suke saboda ƙura, falon ya ɗan yi duhu. Ɗankure ya ajiye jakar kayan aikinsa a ƙasa kusa da ƙofa, ya fara jan tef, Goggo tana nuna masa tsakiyar falo da ƙafarta, nan za a kafa kwabar, ba gajerar da ango ya nema ba.

Muna cikin haka Sirajo ya yi sallama. Ya shigo daga cikin rana, sai ya tsaya a bakin ƙofa, ya daɗe a tsaye yana gaida Goggo daga can. Na ɗauka kunya ce. Da ya taka, ƙafarsa ta yi karo da jakar Ɗankure, guduma da kusoshi suka zube, ya yi taga-taga ya kai hannu ya dafa bangon dama. Ya ba da haƙuri yana murmushi. Ɗankure ya matso ta gefensa ya miƙa masa hannu, Sirajo yana ta gaishe shi da baki, yana tambayar iyali, hannun bawan Allah yana miƙe har ya gaji ya janye. Na ga Goggo ta taɓe baki.

Ni kuwa idona yana kan bangon da ya dafa. A jikin sabon fentin akwai wani layi, ɗan dauɗar hannu, siriri, wanda ba za ka lura da shi ba sai ka tsaya. Ya fara daga bakin ƙofar falo, ya tafi a miƙe har ƙofar ɗaki. Ɗankure ya bi idona ya gani. Ya durƙusa ya kafa tef daga ƙasa zuwa layin. Ina tsaye a kansa na ga lambar. Talatin da huɗu. Ya ɗago ya dube ni, ya naɗe tef ɗinsa, ya ce wa Goggo su shiga su auna wurin gado.

Na ce wa Sirajo ya fito waje ina son magana. Muka tsaya a ƙarƙashin dogonyaron da ke ƙofar gida. Duk maganganun da na shirya a mota suka gudu.

"Malam, Ɗankure ya miƙa maka hannu," na ce. "Ka gani?"



"Ban gani ba," ya ce.

Sai ya faɗa mini. Ganinsa yana tsukewa ne daga gefe. Abin da ke gabansa tsaf yana ganinsa, fuskata yana ganinta, rubutu yana karantawa, amma hagu da dama da ƙasa sun fara ɓacewa, kamar mai leƙe ta cikin bututu. In ya shiga duhu daga haske sai ya jira kafin ya gane inda yake. Ya daɗe yana ɗauka gajiya ce, sai wata biyar da suka wuce, sati uku bayan an sa mana rana, ya je wurin wani likitan ido a Sakkwato. Likitan ya ce ciwon gado ne, ba a san maganin da ke mayar da abin da ya tafi ba, kuma babu wanda zai ce masa ga shekarar da zai tsaya. Zai iya kai shekara ashirin yana lallaɓawa, zai iya kasa kai goma. Ƙanin mahaifiyarsa, Kawu Ikrima, haka ya fara, yana da shekara arba'in ganin ya ƙare.

Yana magana abubuwa suna dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Yadda ya daina zuwa zance bayan magariba ya koma bayan la'asar, ni ina yabonsa a gida ina cewa kamun kai ne. Yadda ya sayar da babur ɗinsa ya koma shiga motar haya, ya ce hanya ce ta lalace. Ya ce kwabar yake so ta zama masa abin bi, ya ɗora hannu a kanta daga ƙofa har ɗaki ba tare da baƙo ya gane ba. Gilashi kuwa a tsakiyar falo, tsoro yake wata rana ya afka masa ni ina kusa.

Tausayi ya kamata in ji, na sani. Amma abin da ya fara zuwa mini fushi ne, irin wanda ban taɓa ji ba.

"Ka auna bango, ka auna katako," na ce, "ni ce ba ka iya faɗa mawa?"

"Bango ba ya cewa ya fasa, Adawiyya."

Ya ce sau da yawa yana tahowa Gwadangaji da niyyar faɗa, in ya ga na fito ina dariya sai ya ce bari sai wani satin. Ya ce ya san ya zalunce ni. In na ga ba zan iya ba, zai aika gidanmu ya ce shi ya janye, ya ɗauki laifin, ba sai kowa ya san dalili ba. Na ce masa wannan ƙarya ta biyu ke nan, kuma ba da ni ba. Na ce sai ya je ya faɗa wa Baba, da bakinsa, kafin Juma'a, in bai zo ba ni zan faɗa. Ya ce zai zo.

A hanyar dawowa Goggo ba ta yi shiru ba, girman kan yaron nan, a ce babba ya ba ka hannu ka ƙi karɓa. Na ja mayafina na rufe fuska kamar mai barci. Da muka sauka Ɗankure ya jira ta yi gaba, ya tambaye ni a hankali wacce zai fara yankewa, doguwar ko gajerar. Na ce ya dakata tukuna.

Kwanakin nan biyar, masu karatu, ba zan yi muku ƙarya in ce soyayya ta ba ni amsa nan take ba. Na yi tunanin abubuwan da nake jin kunyar rubutawa. Na tuna ƙawayena da abin da za su faɗa a bayana. Na hango kaina ina da shekara talatin da biyar, ina riƙe da hannun miji a bakin titi. Na yi tunanin aikinsa, yaya malamin gona zai duba ganyen shinkafa in babu ido. Wanda ya fi hana ni sukuni shi ne 'ya'ya, tunda likita ya ce gado ne. Sannan sai in tuna lokacin da Baba ya kwanta asibiti bara, Sirajo yana tahowa daga Argungu kullum har sati biyu, ya zauna a benci a waje, ba don a gan shi ba, in an buƙaci a sayo wani abu ya tashi. Mutum ɗaya ne ya yi wannan, shi ne kuma ya ɓoye mini ciwonsa wata biyar. Na kasa raba su. Na yi istihara, ban ga komai ba, ban ji komai ba. Mama ta tambaye ni ko zazzaɓi nake, na ce kaina ne.

Ya zo ranar Alhamis bayan la'asar, shi kaɗai, cikin farar shadda da hula. Ta taga na gan shi ya tsaya a bakin falon Baba kafin ya shiga, yanzu na san dalilin tsayuwar. Sun fi minti arba'in a ciki. Bayan ya tafi Baba ya aiko a kira ni, da Mama, da Goggo.

Baba, Malam Abdussamadu, ba mutum ne mai kewaye-kewaye ba. Ya faɗi abin da Sirajo ya gaya masa tiryan-tiryan. Mama ta yi salati ta dube ni, ta gane na riga na sani. Na zaci Goggo za ta tashi da faɗa, sai na ga hawaye suna bin fuskarta. Ta ce ta nemi gafarar Allah, ta kira yaron mai girman kai ashe bai ga hannun ba. Amma ta ce a mayar musu da kayansu. Ta ce mijinta shekara goma sha ɗaya yana kwance kafin Allah Ya karɓe shi, ita ta san abin da ake nufi da ɗaukar namiji, ta san ranakun da mace ke shiga bayan ɗaki ta yi kuka ta wanke fuska ta fito. Nata ya zo mata ne bayan aure, ba ta da zaɓi. Ni kuwa ina da shi, kuma ita ta goya ni, ba za ta yi mini jeren shiga wannan da hannunta ba.

Ban taɓa jin Goggo ta yi maganar jinyar mijinta ba sai ranar.

Baba ya juyo gare ni. "Ke mi kinka ce?"

Kaina a ƙasa, ina murza bakin hijabina. "Ban sani ba, Baba."

Ya ce wannan ita ce amsar gaskiya, kuma ya fi son ta da a ce na yi masa jarunta ta kwana biyu. Ya ce yaron ya yi laifi da ya jinkirta, ya faɗa masa a fuskarsa, amma ya zo da ƙafarsa kafin a ɗaura, wannan ma abin dubawa ne. Ba zai fasa ba, ba zai kuma tura ni ba. Ya riga ya nemi izini ta hannun Sirajo: zan je Argungu gidan Kawu Ikrima in yi kwana uku a ɗakin matarsa, Inna Riskuwa, wadda ta shekara ashirin da biyu da miji marar gani.

"Ki tahi ki gani da idonki," ya ce. "Ki tambaye ta abin da ba ki iya tambayata. Abin da kinka dawo da shi, shi za mu yi."

Goggo ta share fuska da bakin zane ta ce ita za ta kai ni, ita ma tana son gani.

Ranar Litinin da safe muka kama hanya, ƙaramar jakata a cinyata, kaya kala uku da hijabi biyu. Mun wuce rabin hanya saƙonsa ya shigo: "Duk abin da kika gani ki tambaya. Kada ki ji nauyinsu, kuma kada ki ji nauyina." Na karanta na kife wayar. Ban amsa ba, don ban san da wace murya zan amsa ba.

Gidan yana cikin tsohon gari, kusa da gulbi, ginin ƙasa da aka yi wa shafen siminti. Muka ratsa zaure muka shiga tsakar gida, sai na ga wani abu da ban taɓa gani ba a gidan mai iyali. Tsakiyar gidan fayau take. Turmi, randa, kujeru 'yan tsugunne, murhu, bokitai, komai an tura shi jikin bango, kowanne da wurinsa. Ko tsintsiya babu a yashe. Igiyar shanya ma can sama aka ɗaure ta, inda kan mutum ba zai taɓa ba.

Wata 'yar ƙaramar mata ta taso daga inda take gyaran kifi, ta ɗauraye hannu, ta tarbe mu da fara'a. Ita ce Inna Riskuwa. Suka gaisa da Goggo doguwar gaisuwa, ni na durƙusa na gaishe ta. Ta ɗaga labule ta ce mu shiga. Na tuɓe takalmana a bakin ƙofa kamar yadda nake yi a ko'ina, na ɗaga ƙafa zan shiga, sai ta riƙe mini hannu.

"Matsa da su gefe, ɗiyata," ta ce. "Nan hanyarshi ta."

Na sunkuya na kwashe su, nawa da na Goggo, na jera a inda ta nuna. Daga ɗakin da ke kusa wata murya ta namiji, mai kauri, a natse, ta tambaya ko baƙuwar Sirajo ce ta iso. Inna Riskuwa ta ce ita ce.

"To ki ba ta ruwa ta sha tukuna," ya ce. "Sannan ki hwaɗa mata gaskiya duka, har ranar da kinka ɗaure kayanki za ki tahi."

Inna Riskuwa ba ta yi dariya ba, ba ta kuma musa ba. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta dubi Goggo, sannan ta dube ni.

"Sau biyu na ɗaure su," ta ce. "Sau ɗayan kawai ya sani. Zauna."